Yadda Ake Shirya Zaman Tattauna Littafi da Tarihi a Ɗakin Karatu

Na ɗauki shekaru ina shirya zaman karatu a birnin Maradi, wani lokaci a cikin ɗakin karatu, wani lokaci a ajin makaranta bayan an tashi ƴan lakwal, kuma tambayar da masu son farawa suka fi yi mini ita ce yadda za su yi da ƙarancin littattafai. Na ga zaman da ya rayu shekara guda da littafi ɗaya tak, na kuma ga wanda ya watse cikin wata biyu alhali kowa yana riƙe da nasa a hannu, saboda mutum ɗaya ya kankane magana, sauran suka koma ƴan kallo. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne a kan buƙata biyu: kowane mahalarci ya san abin da ke cikin shafukan da za a tattauna, ko da da kunne ya ji shi, sannan ya sami damar faɗin ra'ayinsa.

Kayan da ake buƙata

Ana buƙatar wuri mai inuwa da iska wanda zai ɗauki mutum goma sha biyar, da tabarmi ko benci, da kujera biyu ko uku domin dattawa. Ana buƙatar littafin da za a karanta, kwafi uku in an samu, in ba a samu ba ɗaya ma ya isa. A tanadi kaye biyu, wato littattafan rubutu, ɗaya na sunayen mahalarta da aron littafi da lissafin kuɗi, ɗayan kuma na rubuta abin da aka tattauna. A ƙara da ƙaramin allo da alli, da randar ruwan sha ko ruwan leda, da salula mai ɗaukar murya wadda aka cika da caji, da fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. Kayan shayi ba dole ba ne, amma suna taimakawa, da sharaɗin a ajiye gawayi da buta a waje, nesa da littattafai.

Mutum uku ne ke riƙe aikin: jagora mai raba magana, mai karatu da bakinsa ya saba da karanta Hausa a bayyane, da magatakarda. Kada mutum ɗaya ya haɗa ukun, domin ranar da ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya zaman ya tsaya ke nan.

1. Neman wuri da izini

Ka fara zuwa wurin mai kula da ɗakin karatu da ƙafarka, ka gaishe shi, ka yi masa bayanin abin da kake nufi da baki, sannan ka kai takardar neman izini idan ya buƙace ta. Abu na farko da za ka tambaya shi ne lokacin rufewa, domin sau da yawa lokacin da ake rufe ɗakin shi ne lokacin da mutane ke samun sukuni. Idan haka ta kasance, ka roƙi a bar muku haraba ko baranda, ku karɓi littattafan aro tun kafin a kulle. Ka gayyaci mai kula da ɗakin ya zama ɗaya daga cikinku, ka riƙa ambaton sunansa a wurin godiya, domin shi ya san abin da ke cikin kwalaye da ba a baje a kanta ba.

Idan babu ɗakin karatu kusa da ku, ajin makaranta ranar da ba a karatu ya wadatar, haka ma zauren wani dattijo, ko fadar matasa, wato majalisarsu ta hira, da ke da wurin zama tabbatacce. Ko ina ne aka zaɓa, a sanar da mai unguwa tun kafin zaman farko, a gaya masa rana da lokaci da abin da ake karantawa, domin taron da ake maimaitawa duk mako ba ya rasa mai tambayar dalilinsa. Ba sai kun yi rajista za ku fara ba, amma idan tafiya ta yi nisa har kuna son karɓar taimako da sunan ƙungiya, to akwai dokar ƙungiyoyi ta shekarar 1984 da za ku bi.

2. Tara mutane

Mutum takwas zuwa goma sha biyar su ne daidai. Idan suka gaza haka magana takan mutu da wuri, idan suka haura kuma rabin mutane za su tashi ba su ce uffan ba. Kada ka ba da sanarwa a gidan rediyo a karon farko. Za ka tara mutum hamsin, wasu suna zaton akwai kuɗin zama irin na tarukan ƙungiyoyin agaji, mako na biyu kuma ka nemi rabinsu ka rasa. Ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ka kuma faɗa musu tun farko cewa babu abin da ake rabawa.

Ka yi ƙoƙarin gauraya su. Ɗalibin lise, wato babbar sakandare, ko na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da malamin makarantar allo, da tela, da ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Maradi da Katsina, da tsohon mushe, wato malamin boko, da ya yi ritaya, kowannensu da abin da zai gani a labari ɗaya wanda sauran ba za su gani ba. Game da mata, a duba abin da unguwar ta saba da shi. A wasu wurare zama ɗaya ya yiwu idan an ware musu gefe, a wasu kuma gara a yi musu nasu zaman da hantsi, mace ta jagoranta, a gidan wata Hajiya da ake girmamawa, bayan an nemi yardar mazajensu.

3. Zaɓen rana da lokaci

Tsakanin La'asar da Magariba shi ne lokacin da na fi samun nasara, kuma awa ɗaya da rabi ta isa. A kauce wa Litinin da Juma'a saboda cin kasuwa. Asabar ko Lahadi sun fi. Zangon da ya fi albarka yana farawa daga Oktoba, lokacin da aka koma makaranta aka kuma shigar da amfanin gona, zuwa ƙarshen Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan hana zama a ɗaki mai rufin kwano, sai a fito ƙarƙashin itace, a watan Yuni da Yuli kuma ɗalibai na fama da jarrabawa, manoma sun koma gona. Ni nakan ba da hutu a damina da watan azumi, in faɗi ranar dawowa tun kafin a rabu, maimakon in bar zaman ya mutu da kansa.

4. Zaɓen littafi

A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, domin sukan ɗauko littafin da ya fi burge su, mai kauri, mai zurfin magana, suna son nuna cewa zaman na masu ilimi ne. Littafin farko ya kasance gajere, da Hausa, mai labari da mutane a ciki waɗanda za a iya yi wa hukunci: wannan ya kyauta, wancan ya ci amana. Littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, yana da amfani ga masu farawa saboda labaransa a rarrabe suke, ana iya karanta ɗaya a gama shi a zama guda, wanda bai zo makon jiya ba kuma bai yi asarar zaren labari ba. Bayan wata biyu, idan mutane sun saba da juna, sai a ɗauki littafi mai labari ɗaya dogo, kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, yana kuma taɓo zamanin cinikin bayi, a raba shi zama huɗu ko biyar.

Kada a raina littattafan da marubutan Kano ke fitarwa, waɗanda ake samu a hannun masu sayar da littattafai a kasuwa. Mata da matasa da yawa da su suka koyi karatun Hausa, kuma batutuwansu na aure da kishi da gado da tarbiyya sukan tayar da muhawara mai zafi. Sharaɗi ɗaya ne: jagora ya karanta littafin tun daga farko har ƙarshe kafin ya kawo shi, domin akwai shafin da ba za a iya karantawa a bayyane gaban uba da ɗansa ba. Littafin Faransanci ma ana iya ɗauka, amma sai an sami wanda zai shirya fassarar sashen da Hausa tun daga gida. Fassarar nan take tana cinye rabin lokaci, tana kuma raba zaman gida biyu, waɗanda suka yi lakwal da waɗanda ba su yi ba.

Idan kwafi ɗaya kawai ake da shi, karatu a bayyane shi ne mafita, kuma a ganina ya fi raba littafi a ce kowa ya karanta a gida, domin daga cikin mutum goma da ƙyar uku za su karanta. Ana iya ɗaukar muryar mai karatu a salula a tura wa mahalarta ta WhatsApp kwana biyu kafin zama, su saurara a shago ko a madafa. Fotokopin shafi biyu ko uku da za a yi nazari a kansu ba laifi, amma kwafe littafi gaba ɗaya cin haƙƙin marubuci ne, sau da yawa ma kuɗinsa ya fi na sayen littafin.

5. Saba wa mutane da rubutun Hausa

Wannan mataki ya shafe mu a Nijar fiye da maƙwabtanmu. Ko da yake kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, yawancin waɗanda suka yi makaranta da Faransanci suka koyi haɗa baƙi, saboda haka mutum mai digiri yakan yi tuntuɓe a layin farko na littafin Hausa, ya ji kunya, ya ƙi dawowa. A zaman farko ka ware minti goma sha biyar a gaban allo. Ka nuna cewa abin da suka saba rubutawa "ou" a Hausa "u" ne, kamar a gulbi. "Tch" shi ne "c", kamar a ciniki. "Ch" kuma shi ne "sh", kamar a shayi. Sannan ka rubuta baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da misalan da ke nuna yadda ma'ana ke sauyawa: kafa da ƙafa, dauri da ɗauri, bata da ɓata. Ka gaya musu cewa littattafan Najeriya suna rubuta ƴ da waƙafi a sama kafin "y", don kada su rikice.

Kada a tilasta wa kowa karatu a bayyane. Wanda ya iya ajami kaɗai a ba shi rana ya kawo rubutacciyar waƙa ko tsohuwar wasiƙa ya karanta, ƴan boko su ma su ɗanɗana zaman jahilci a gaban takarda.

6. Shirya tambayoyi

Jagora ya zo da tambaya biyar a rubuce, ya sa rai uku za a taɓa. Tambayar da amsarta ke cikin littafi, kamar sunan garin da wane ya sauka, ta aji ce, tana sa manya su ji kamar ana yi musu jarrabawa. Tambayar da ke buɗe baki ita ce wadda mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta. Idan labarin na wanda aka ba ajiya ne ya taɓa ta saboda yunwar iyalinsa, sai a tambaya: da kai ne mai dukiyar, za ka kai shi gaban alƙali? A ajiye tambaya ɗaya a kan harshe, wato wata kalma ko karin magana da marubucin ya yi amfani da ita, a ji yadda ake faɗinta a Katsinanci ko Gobiranci. Wannan takan sa wanda bai taɓa magana ba ya buɗe baki, domin a harshensa kowa malami ne.

7. Gudanar da zaman

A shimfiɗa tabarmi a da'ira, ba a jere kamar aji ba, jagora kuma ya zauna daidai da kowa. Bayan addu'a da gaisuwa, magatakarda ya tuna abin da aka yi makon jiya cikin minti biyar. Mai karatu ya yi minti ashirin, a hankali, yana tsayawa inda labari ya ɗauki zafi. Sauran lokacin na tattaunawa ne, a tashi minti goma kafin kiran salla.

Abin da ya fi wuya shi ne tsarin magana. A al'adarmu yaro ba ya musa wa babba a bainar jama'a, saboda haka idan dattijo ya fara ba da ra'ayi, an rufe ƙofa, duk wanda ya biyo baya zai ce abin da Baba ya faɗa shi ne daidai. Dabarar ita ce a fara da mafi ƙanƙanta a hau sama, a kuma bayyana wa dattawa dalili tun farko cikin ladabi: "Baba, mun bar ku a ƙarshe ne domin ku gyara mana inda muka karkace." Ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi wannan matsayi ba. Idan wani ya ja magana, jagora ya jira ya numfasa, ya ce: "Malam, wannan batu naka babba ne, bari mu ji abin da Hajiya za ta ce a kansa." Idan an yi tambaya aka yi shiru, kada jagora ya yi gaggawar cike gurbin da bakinsa, ya ƙirga goma a zuci, wani zai yi magana.

Na koyi wannan da tsada. A shekarata ta farko na gayyato wani masani domin ya ƙara wa zamanmu armashi, na ba shi kujera da tebur a gaba, ban kuma iyakance masa lokaci ba. Ya yi magana tun daga La'asar har ladan ya kira Magariba, littafin yana ajiye a kan tebur ba a buɗe shi ba, wani tela da ya rufe shagonsa domin zuwa yana ta juya hularsa a hannu yana duban ƙofa. Mako na gaba mutum huɗu suka zo daga cikin goma sha uku. Tun daga ranar, duk baƙon da zan gayyata nakan gaya masa minti ashirin gare shi, kuma sai bayan mahalarta sun yi nasu.

A kiyaye siyasar yau da saɓanin ɗariƙu da ƙungiyoyin addini. Idan magana ta karkata can, jagora ya ce a koma shafin da ake kai, ya sa a sake karanta layi ɗaya ko biyu.

8. Zaman tarihi

Bayan kowane zama huɗu na littafi, nakan sa ɗaya na tarihin gari, kuma shi ya fi tara jama'a. Maradi ba ta rasa abin tattaunawa. Akwai faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807, da yadda gidan sarautar ya yi ƙaura har Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi wajen 1819, abin da ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Akwai kafuwar Tsibiri a hannun Gobirawa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da zamanin Ɗan Baskore, da sarautun Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka waɗanda aka taho da su daga Katsina. Akwai kuma ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maradi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tayar da mutane zuwa kan tudu inda aka yanka tituna miƙaƙƙu.

Ga mai farawa, ambaliyar ta fi sauƙi, domin kusan kowane tsohon gida a unguwanni irin su Bagalam da Limanci da Mokoyo yana da labarinta, kuma ba ta taɓa martabar kowa. Mako biyu kafin zaman, a ba kowane mahalarci aikin tambayar tsoho ɗaya a danginsa abu uku: ina gidansu yake a tsohon gari, me aka iya fitarwa, wa ya ba su fili a sabon wuri. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun haura shekara tamanin yanzu, saboda haka kada a jinkirta, kuma a je musu gida da safe maimakon a wahalar da su zuwa ɗakin karatu. A nemi izini kafin a ɗauki murya, a faɗi inda za a saurare ta, a tafi da goro. A ranar zaman a saurari minti biyar daga kowace murya, magatakarda ya rubuta a allo inda labaran suka dace da inda suka saɓa. Saɓanin shi ne abin tattaunawa, amma a yi shi ba tare da an ce kakan wane ya yi ƙarya ba. A tambaya dai me ya sa gida biyu suka riƙe abu ɗaya ta fuska biyu.

Batutuwan sarauta da yaƙe-yaƙe suna buƙatar ƙarin hattara, domin jikokin kowane ɓangare suna zaune a tabarma ɗaya. Idan ana son jin su, a bi ta fada, a nemi a haɗa ku da wanda aka san shi da riƙon tarihin gidan, ko makaɗin fada da ya haddace jerin sarakuna da kirarinsu, a kuma tanadi abin da za a ba shi, domin sana'arsa ce. Maganar asalin bauta na wani gida da ke raye, ko rigimar gadon sarauta, ba a buɗe su a zaman jama'a. Idan babu dattijon da za a samu, a yi tattaki da yamma daga ƙofar fada zuwa gangaren fadama, wanda ya fi sanin wurin yana nuna inda abubuwa suke a da.

9. Aro, kuɗi da ajiye rahoto

Littafin da aka ara ba a rubuta ba ya tafi ke nan, kuma ba mugunta ke kawo haka ba, wani ne zai gani a gida ya ɗauka, shi ma ya ba wani. A rubuta sunan mai aro da unguwarsa da ranar maidowa, ya sa hannu, mako ɗaya kuma ya isa. Kwafin da mai karatu ke amfani da shi ba ya fita ko da wa ya roƙa. A lulluɓe bangon kowane littafi da leda ko takardar buhun siminti, a ajiye su cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ƙurar hunturu.

Karo-karo ya kasance kaɗan, kamar dala ashirin a zama ga wanda ya iya, ɗalibai kuma a ɗauke musu. Magatakarda ya karanta lissafi a bainar kowa ƙarshen wata, ko da jika ɗaya ce ta taru, a fitar da na ruwa da shayi, sauran a ba ɗan kasuwar da ke zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ya sayo littafin zango mai zuwa. Rahoton kowane zama kada ya wuce shafi ɗaya: kwanan wata, yawan waɗanda suka zo, shafukan da aka karanta, da ra'ayi biyu ko uku da aka yi jayayya a kansu. Muryoyin tsofaffi kuma a kwafe su daga salula zuwa katin ajiya biyu, a rubuta sunan mai magana da ranar ɗauka a jikin ambulan, ɗaya ya zauna wurin mai kula da ɗakin karatu, ɗayan a mayar wa iyalan wanda ya ba da labarin.